Ya ce kar a ba shi maganin, aka ba shi: lamarin Oliver McGowan

Oliver McGowan yana da shekara 18 ya rasu, ranar 11 ga Nuwamba 2016, a asibitin Southmead da ke garin Bristol a Ingila. Farfaɗiya ce ta kai shi asibitin, ciwon da ya tashi da shi tun yana yaro, shi da iyayensa duk sun san zuwanta sun san tafiyarta. Yana kwance aka ba shi wani maganin taɓin hankali mai suna olanzafin, alhali ba shi da taɓin hankali, kuma shi da bakinsa ya roƙa kar a ba shi irin waɗannan magungunan, uwarsa ta faɗa, ubansa ya faɗa, tarihin yadda suka taɓa wahalar da shi ma yana rubuce. Aka ba shi. Bayan 'yan kwanaki ƙwaƙwalwarsa ta kumbura.

Na daɗe ina juya lamarin yaron nan a raina, don duk lokacin da aka ɗauko maganar bambancin ƙirar ƙwaƙwalwa sai ka ji mutane suna ɗaukarta kamar wata kalma ce mai daɗi da ake faɗa a wajen taro a tafa a watse, to ga inda rashin fahimtarta ya kai, ga kuma yadda neman haƙƙi ya kasance bayan an binne shi.

Wane ne yaron

Yana jariri sanƙarau ya kama shi, har likitoci suka fitar da rai, amma Allah ya yi da sauran kwana. Ciwon ya bar shi da ɗan shanyewar ɓarin jiki, da farfaɗiya irin wadda take tasowa daga wani sashe ɗaya na ƙwaƙwalwa, da ɗan jinkirin koyo mara tsanani. Daga baya aka gano yana da otizim, wato wata ƙirar ƙwaƙwalwa da ke shafar yadda mutum ke mu'amala da mutane da yadda yake jin sauti da haske. In ka jera waɗannan sunaye haka a takarda sai ka zata wani ne da ba ya iya komai, kuma wallahi nan ne matsalar take farawa, saboda yaron da ke bayan takardar ɗan makaranta ne da ya ci jarabawarsa, har firfet aka yi shi, yana buga ƙwallo, yana tsere, ana horar da shi da burin zuwa gasar Faralimfik ta wasannin masu nakasa, ya shiga kwaleji, yana da abokai da 'yan uwa da ke sonsa, yana magana rangaɗau yana kuma iya faɗin abin da yake so da wanda ba ya so.

Akwai abu ɗaya game da farfaɗiyarsa da ya kamata a riƙe. Ba irin wadda mutum zai faɗi ya suma ba ce. A farke yake in ta taso, yana jin komai, tsoro ya kama shi, ya kasa zama waje ɗaya, ya yi ta kai-komo. Wanda ya san shi ya san ciwon ne, ya san abin da yake buƙata shi ne a rage hayaniya a ba shi fili. Wanda bai san shi ba zai ga saurayi a firgice yana zagaye ɗaki ya ce hankalinsa ya gushe.

Shekara guda kafin rasuwarsa

A Oktoba 2015 aka kwantar da shi saboda farfaɗiyar ta matsa. Daga nan aka fara jarraba masa magungunan ƙwaƙwalwa, farko na damuwa, daga baya na taɓin hankali, kuma a bayanin da mahaifiyarsa Paula McGowan ta sha yi a bainar jama'a duk lokacin da aka ba shi sai abin ya ƙara lalacewa, farfaɗiyar ta ƙaru, halinsa ya canza ya koma kamar ba shi ba, in an tsayar kuma sai ya dawo daidai cikin kwanaki. A wata kwanciya a 2016 maganin ya sa idanunsa suka kafe sama ya kasa sauko da su, wannan kuwa sanannen illa ne na irin waɗannan magunguna kuma akwai allurar da ke warware shi, amma ta ce sai da ya yi kusan awa 6 a haka don likitan da ya fara ganinsa ya ɗauka ɗabi'a ce kawai, wai halin masu otizim ne.

Ku tsaya a nan kaɗan. Idon mutum ya juye, ana kallo, aka ce halinsa ne. Likitoci a Ingila suna da suna ga wannan kuskuren, diagnostic overshadowing, ma'anarsa shi ne laƙanin da aka riga aka manna wa mutum ya yi inuwa ya rufe ainihin ciwon da ke damunsa. Mai otizim ya zo da ciwon ciki yana dukan kansa, a ce otizim ne. Mai jinkirin koyo ya daina cin abinci saboda haƙori, a ce taurin kai ne. Ba mugunta ce ke kawo shi ba yawanci, ido ne ya saba, da an ga sunan a fayil sai a daina bincike.

Daga baya an kai shi wani asibitin ƙwararru na ƙwaƙwalwa, can aka duba shi aka ce yaron nan ba shi da taɓin hankali, aka janye magungunan, ya koma gida ya ci gaba da rayuwarsa. Kenan kafin kwanciyarsa ta ƙarshe an riga an gwada an ga sakamako fiye da sau ɗaya.

Daga 22 ga Oktoba zuwa 11 ga Nuwamba

Ranar 22 ga Oktoba 2016 farfaɗiyar ta sake tasowa ta ƙi lafawa, aka kira motar asibiti. Iyayen sun ce tun a mota ya fara roƙon ma'aikata kar a ba shi magungunan taɓin hankali, ya ce suna hargitsa masa ƙwaƙwalwa, da suka isa ya sake faɗa wa likitoci. Sun zo da takardar nan da ake kira fasfon asibiti, wadda ake rubuta wa masu buƙata ta musamman a Ingila, a ciki akwai yadda mutum ke magana, abin da ke tsorata shi, abin da ke kwantar masa da hankali, da magungunan da jikinsa ba ya karɓa. Mahaifiyar ta ce durowa aka jefa ta ba a karanta ba.

Sashen gaggawa kuwa ko ga mai cikakkiyar lafiya wajen tashin hankali ne, fitilu masu kashe ido, na'urori na ƙara, ana gudu ana kira, balle ga mai otizim da sauti da haske ke shigar masa kai ninki-ba-ninki, kuma yana tsakiyar farfaɗiya a farke. Mutane da yawa suka kewaye shi kowa na jefo tambaya a lokaci ɗaya, har da 'yan sanda a wajen, aka riƙe shi da ƙarfi, tsoronsa ya ƙaru, ƙaruwar tsoron kuma ta zama hujjar cewa ai ga shi nan ba ya cikin hayyacinsa. A ƙarshe aka yi masa allurar barci aka sa masa na'urar numfashi aka kai shi ɗakin kulawa ta musamman, can kuma nimoniya ta kama shi.

Yana cikin wannan barcin ne aka fara ba shi olanzafin. Dalilin likitocin, kamar yadda aka ji a zaman bincike daga baya, shi ne suna ganin firgicin da yake yi wani ruɗewar hankali ne mai alaƙa da farfaɗiyar, suna son su shawo kansa kafin a farkar da shi. Ni ban ɗauki wannan a matsayin ƙarya ba, na yarda abin da suka yi imani da shi kenan. Amma iyayen suna tsaye a wajen sun ce a'a, mai jikin ya riga ya ce a'a tun yana iya magana, kuma ba wai ra'ayi kawai suke faɗa ba, abin da suka gani da idonsu sau da dama suke faɗa.

Abin da ya biyo baya likitoci na taƙaita sunansa da NMS. Illa ce da ba kasafai take faruwa ba amma tana kisa, tana zuwa ne in magungunan nan suka toshe aikin sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwa fiye da kima, sai zazzaɓi mai tsanani ya tashi, tsokoki su sandare, bugun zuciya da hawan jini su rikice, tsoka ta fara narkewa ta zuba cikin jini. Matakin farko na magance ta shi ne a tsayar da maganin nan take, shi ya sa gano ta da wuri shi ne komai, ga wanda kuwa ke kwance cikin barcin allura ba zai iya buɗe baki ya ce ina jin wani abu ba. Zafin jikin Oliver ya haura digiri 40. Kafin a gane abin da ke faruwa a janye maganin ɓarna ta riga ta yi nisa, hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ta kumbura sosai, aka gaya wa iyayen ko ya rayu ba zai ƙara gani ko magana ko tafiya ba. Aka cire na'urar, bayan 'yan kwanaki ya cika.

Inda maganar bambancin ƙwaƙwalwa ta shigo

Kalmar da Turawa ke amfani da ita, neurodiversity, ta fara yaɗuwa ne a ƙarshen shekarun 1990, daga hirarrakin masu otizim a intanet, kuma ana yawan danganta ta da Judy Singer 'yar Ostireliya wadda ta yi rubutu a kai a 1998. Abin da take nufi ba wuya, ƙwaƙwalen 'yan Adam ba ƙira ɗaya ba ce, kamar yadda tsayi da murya ba ɗaya ba, akwai mai otizim, akwai wanda hankalinsa ba ya tsayawa waje ɗaya, akwai wanda haruffa ke rikice masa, kuma wannan bambancin shi kansa ba ɓaraka ba ce da dole sai an ɗinke. Wasu na jin haka sai su ce to kenan babu ciwo babu wahala? Ba haka ba ne. Farfaɗiyar Oliver ciwo ce, tana buƙatar magani, shi ma ya sani shi ya sa ya je asibiti. Amma yadda yake firgita da hayaniya, yadda yake buƙatar a yi masa magana mutum ɗaya a hankali a ba shi lokaci ya amsa, wannan ba ciwo ba ne, ƙirarsa ce. Kuskuren da aka yi shi ne an haɗa biyun an cakuɗa, aka kalli ƙirar a matsayin alamar hauka aka nemo mata ƙwaya.

Wani malamin jami'a a Birtaniya, Damian Milton, wanda shi ma yana da otizim, ya kawo wata hujja a 2012 da nake ganin ta dace da ɗakin nan na gaggawa daidai. An daɗe ana cewa masu otizim ba sa iya karantar zuciyar mutane. Shi kuma ya ce ai rashin fahimtar ta ɓangare biyu ce, yadda mai otizim ke shan wahalar gane mu haka mu ma muke kasa gane shi, sai dai mu ne masu rinjaye shi ya sa laifin duka aka ɗora masa. To a daren nan wa ya kasa karantar wa? Yaron ya faɗi buƙatarsa da kalmomi a fili. Ɗaki cike da ƙwararru ne bai ji ba.

Kuma abin da ya fi ci min rai kenan, Oliver yana magana. Sau da yawa in irin wannan ta faru akan fake da cewa ai mara lafiyar ba ya iya bayani. Shi ya yi bayani, ya maimaita, sai dai maganarsa ba ta da nauyi saboda wanda ya faɗe ta. Da wani saurayi ne ɗan shekara 18 da ba a rubuta komai a fayil ɗinsa ba ya ce maganin kaza yana cutar da ni, ina da yaƙinin da an ɗaura masa jan abin hannu na gargaɗi an rubuta a allo. In wanda yake da baki haka ta same shi, sai ka yi tunanin wanda ba ya magana sam, wanda da hoto ko alamar hannu ko na'ura yake isar da saƙo.

Abin da doka ta riga ta ce

Wani zai zata babu doka ne. Akwai, har sun yi yawa. Dokar otizim ta 2009 tana nan a Ingila. Dokar daidaito ta 2010 ta wajabta wa asibitoci su yi wa mai nakasa gyare-gyaren da hankali zai ɗauka, irin su ɗaki mara hayaniya, rage haske, ƙarin lokaci, barin wanda ya saba da shi ya tsaya kusa, abubuwan da yawancinsu ko fam ɗaya ba sa ci. Birtaniya ta kuma rattaba hannu kan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa a 2007, ta amince da ita a hukumance a 2009.

Sai dokar 2005 kan ikon yanke wa kai shawara, wadda ita ce ta fi shafar lamarin nan. Ta ce duk baligi a ɗauka yana da hankalin yanke shawara har sai an tabbatar ba shi da shi, kuma ba a yanke masa hukuncin rashin hankali saboda kamanninsa ko laƙanin da ke kansa. In ya kai ba zai iya ba, kamar wanda ke cikin barcin allura, likita ne zai yanke abin da ya fi masa alheri, amma dole ya duba abin da mutumin ya faɗa a baya, dole ya tuntuɓi masu kula da shi. Ga inda gizo ke saƙar, Oliver ya cika 18, don haka a doka iyayensa ba su da ikon hanawa, tuntuɓarsu kawai ake yi. Tuntuɓa kuwa ana iya yin ta a ji ka a gyaɗa kai a wuce. Yaron da jiya-jiya yana asibitin yara inda kalmar uwa ke da ƙarfi, yau ya tsallaka asibitin manya inda ba a san shi ba, an ce shi babba ne don haka uwarsa ba ta da ta cewa, shi kuma ba a ɗauki tasa maganar a ta babba ba. Ya faɗa tsakiya.

Bincike biyu, amsa biyu

A Afrilu 2018 aka yi zaman binciken musabbabin mutuwa. Alƙalin binciken ya amince cewa maganin ne ya jawo NMS kuma ita ta taka babbar rawa a mutuwar, amma ya ce bayar da maganin ya dace, kulawar da aka yi masa ta dace, illar ba abu ne da za a iya hangowa ba. Bai ba da shawarar a gyara komai ba. Iyayen sun fito sun ce ba su yarda ba.

Akwai kuma wani shiri da hukumar lafiya ta NHS ta kafa a 2015 mai suna LeDeR, aikinsa duba mutuwar masu jinkirin koyo ɗaya bayan ɗaya don a koyi darasi. An duba ta Oliver, aikin ya yi ta jan ƙafa, daga baya ta fito fili cewa ma'aikaciyar da ta yi binciken ta ce an matsa mata lamba ta cire alamar da ta sa cewa mutuwar abu ce da za a iya kauce mata. Wannan wajen ya fi komai tayar min da hankali, don shirin da aka ƙirƙira saboda gaskiya ta fito shi ne aka nemi lanƙwasawa. Da matsin iyayen ya yi yawa aka sake sabon bincike mai zaman kansa ƙarƙashin Fiona Ritchie, a Oktoba 2020 rahoton ya fito ya ce mutuwar Oliver abu ce da mai yiwuwa a kauce mata, ya kuma ce binciken farko ba a tafiyar da shi yadda ya kamata ba.

Shekara huɗu kenan daga rasuwarsa kafin wata hukuma ta rubuta abin da uwarsa ta faɗa a bakin gado. Kuma a lura, iyayen nan masu ilimi ne, harshen ƙasar nasu ne, sun san yadda ake rubuta wa ɗan majalisa, sun iya tsayawa gaban kyamara. Masu fafutukar adalci ga nakasassu, irin su Patty Berne da abokan aikinta da suka fara wannan kiran a Amurka wajen 2005, abin da suke ta nanatawa kenan, cewa haƙƙin da ke takarda wanda yake da ƙarfin bin sa ne kawai ke cin moriyarsa, mai nakasa da ya haɗa da talauci ko baƙar fata ko baƙunta nasa ya fi nisa. Iyalai nawa ne aka miƙa musu takardar mutuwa suka karɓa suka tafi gida da zafin a ciki?

Ba shi kaɗai ba ne, kuma ba a ce ba a sani ba. Tun 2007 ƙungiyar Mencap mai kare haƙƙin masu jinkirin koyo ta fitar da rahoto kan mutum 6 masu jinkirin koyo da suka mutu a hannun NHS saboda halin ko-in-kula. A 2011 BBC ta ɗauki bidiyon sirri a Winterbourne View, wani asibiti mai zaman kansa a gefen Bristol ɗin nan dai, ana azabtar da majinyata, ma'aikata 11 aka samu da laifi, 6 suka tafi gidan yari. A 2013 Jami'ar Bristol ta duba mutuwar mutum 247 masu jinkirin koyo ta gano mazansu na mutuwa shekara 13 kafin sauran maza, matan kuma shekara 20 kafin sauran mata. A 2015 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta ƙiyasta cewa manya 30,000 zuwa 35,000 masu jinkirin koyo ana ba su magungunan ƙwaƙwalwa ba tare da suna da ciwon da aka yi maganin dominsa ba, har aka ƙaddamar da shirin STOMP a 2016 don a rage. Shekarar da aka ƙaddamar da shi ita ce shekarar da Oliver ya rasu.

Abin da uwar ta yi da baƙin cikinta

Bayan hukuncin 2018 Paula McGowan ta buɗe takardar koke ga majalisar dokoki tana neman a wajabta wa duk ma'aikacin lafiya horo kan otizim da jinkirin koyo. Sama da mutum 50,000 suka sa hannu, aka yi muhawara a majalisa ranar 22 ga Oktoba 2018, shekara biyu cif da ranar da aka kwantar da shi. A Nuwamba 2019 gwamnati ta amince, aka gwada horon a wurare daban-daban, sannan dokar lafiya da kulawa ta 2022 ta mayar da shi dole, daga 1 ga Yuli 2022 duk asibiti ko gidan kulawa da ke da rajista a Ingila sai ya horar da ma'aikatansa gwargwadon aikin kowa. Horon da gwamnati ta fi so a yi sunan Oliver yake ɗauke da shi. Mataki biyu ne, na farko ga wanda haɗuwarsa da majinyata sama-sama ce kamar mai karɓar baƙi, darasi a kwamfuta da zaman awa ɗaya kai tsaye, na biyu ga masu ba da magani da yanke shawara, su yini guda za su yi ido da ido.

Abin da na fi so a tsarin shi ne sharaɗin da ta kafe a kai, cewa ba za a yi horon ba sai da mai otizim da mai jinkirin koyo a cikin masu koyarwa, kuma a biya su kamar kowane malami. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, wanda ya kwana a ɗakin gaggawa fitila na sukar idonsa shi ya san yadda abin yake. Babban likita ya zauna a kujera, wanda ya saba gani a gado ya tsaya a gaba yana koya masa, wannan kaɗai yana gyara wani abu a ido wanda lacca ba za ta gyara ba.

Amma gaskiya ba na son a ɗauka shikenan an gama. Likitocin da suka duba Oliver ba jahilai ba ne, an kuma gaya musu duk abin da horon yini ɗaya zai gaya musu, daga bakin mai jikin da iyayensa. Abin da ya ɓace shi ne a ɗauki maganar da nauyinta, a tsaya a ce tunda sun ce haka bari mu kira wanda ya san shi, bari mu gwada wata hanya tukuna, bari mu zauna da su mu rubuta dalilinmu. Wannan yana buƙatar lokaci da isassun ma'aikata da nas ƙwararriya kan jinkirin koyo da za a samu ko da tsakar dare ne, yana kuma buƙatar a san cewa in an tsallake akwai wanda zai tambaya. Satifiket ɗin horo a fayil ba ya kawo ko ɗaya daga ciki. Nas ɗin da ke riƙe da gado goma ita kaɗai ko ta haddace darasin ba ta da minti goma na karanta fasfon asibiti, sai dai in shugabannin asibitin sun ga cewa minti goman nan aiki ne kamar auna jini.

Ga kuma ɗaya ɓangaren da horon bai taɓa ba. Bayan Winterbourne View gwamnati ta yi alƙawarin fitar da mutanen nan daga asibitocin ƙwaƙwalwa a mayar da su kusa da danginsu, an sa wa'adi ya wuce, an sake sawa ya sake wucewa. Har yanzu kusan mutum 2,000 masu otizim ko jinkirin koyo suna kulle a irin waɗannan asibitoci a Ingila, da yawansu sun shekara biyar ko fiye a ciki, wasu nesa da gida ta yadda uwa sai ta yi tafiyar awanni kafin ta ga ɗanta, kuma da damansu ana ba su irin magungunan da Oliver ya roƙa kar a ba shi.